Termostan Mushe Yohanna

Yau shekara goma sha biyu ke nan da muka raka Yohanna makwancinsa. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan rubuta ƴan layuka na jimami, in karanta, in ga ba su yi kama da shi ba, in jefa su cikin akwati. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa ƴan lise, wato sakandare, dariya a darasin kimiyya, ba a tuna shi da kumbura fuska. Bana kuwa ko jimamin na nema ban samu ba. Ina rubutun nan ne cike da murna, domin ranar Asabar da ta wuce motarsa ta tashi. Ta tashi, jama'a! Bayan shekara goma sha biyu tana kwance ƙarƙashin dogon yaro a Tondibiya, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Sai dai kafin ta tashi, sai da ta tilasta mini tono wani asiri da na binne shekara ashirin da uku.

Bari in fara da mutumin. Yohanna ɗan Dogon Dutsi ne, Kirista, malamin kimiyya, ana ce masa Mushe, yadda muke kiran malami da Faransanci. Ni Sani, ɗan Maraɗi, Musulmi, malamin tarihi. Aiki ya haɗa mu a lise ɗaya, haya ta haɗa mu a gida ɗaya a unguwar Kalley ta Yamai, bango ɗaya tsakanin ɗakinsa da nawa. Ragon layyata shi ke riƙe mini ƙafa, shinkafar Kirsimetinsa ni ke fara buɗe kwano. Matarsa Saratu ma'aikaciyar jinya ce, duk ƴaƴana a hannunta suka sha allurarsu ta farko.

Motar kuma ba zan kama sunanta ba, jarida ba ta tallar kowa, kuma babu mai karatu a Yamai da bai taɓa shiga irinta ba. Ƴar Japan ce, mai matsakaicin jiki. Ta fi ƙananan taksinmu girma, ba ta kai manyan nan da ake buɗe wa ƙofa a ma'aikatu ba. Yohanna yana cewa mota ce irin malamin makaranta: ba ta da girman kai, ba ta kuma da ƙasƙanci. Tasa ta yi ƙuruciyarta a Beljik, ta sauka a Kwatano, ta iso mana da takardunta da littafin injinta a aljihun gaba. Kowa littafin nan yake fara jefarwa. Shi littafin ya fara karantawa, kwana uku, da jan biro a hannu, kamar mai gyaran takardun jarrabawa.

Daga nan fadarmu ta Kalley, inda muke shan shayi bayan la'asar, ta koma aji. Ni na koyar da tarihin Songhai da Barno shekara da shekaru, amma ban taɓa jin an jera sarakuna da ƙauna irin yadda Yohanna ke jera zubin motar nan ba. Kakarta, in ji shi, da ƙafafun baya take turawa, injinta a miƙe. A farkon shekarun tamanin sai mutanen Japan suka kwantar da injin a gicciye, suka mayar da ja ga ƙafafun gaba, ciki ya buɗe, har mutum uku su zauna a baya ba wanda ya hau cinyar wani. Tasa ita ce zubin da ya biyo bayan wannan: silinda huɗu, lita biyu, supap, wato bawul, goma sha shida, giya biyar ta hannu, tanki mai cin lita sittin. Babu karbirato, allurai ne ke fesa mai, wata ƴar ƙwaƙwalwa tana auna musu. Bayanta aka yi mai faɗin ƙirji, bayan wannan aka yi wata. Yana kawo su ɗaya bayan ɗaya, da kyawun kowacce da aibinta, har shayi ya huce.

Duk wannan da sauƙi. Inda yaƙi ya ɓarke shi ne a kan termosta.

Ga wanda bai sani ba, termosta wani ɗan ƙarfe ne da bai fi murfin butar shayi ba, yana zaune a bakin hanyar da ruwa ke bi tsakanin inji da radiyata, tankin nan na gaba da iska ke sanyayawa. Aikinsa gadi. In inji yana da sanyi sai ya rufe ƙofa, ruwa ya tsaya a ciki har injin ya ɗumama. In zafi ya kai maki tamanin da biyu, sai wata ƴar kakin zuma da ke cikinsa ta kumbura, ta ture ƙofar, ruwa ya wuce. Shi ke nan.

To, al'adar makanikanmu ita ce, mota tana saukowa daga Kwatano, kafin ma a wanke ta, sai a cire mata shi. Hujjarsu: abin ƙasar ƙanƙara ne, mu nan rana ta ishe mu. Suna cire shi kamar yadda wanzami ke cire wa jariri beli, ba don ya ga cuta ba, don haka ya tarar ana yi. Gidan Yohanna kuwa sai ya zama gidan ƴan tawaye: matar tana faɗa da masu cire beli, mijin yana faɗa da masu cire termosta. Yana cewa injin da ba ya kai zafinsa kamar tuwon da aka tuƙa da ruwan da bai tafasa ba ne. Ƙwaƙwalwar motar za ta ɗauka kullum safiya ce, ta yi ta zuba mai fiye da kima, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Hama, wani Bazabarme mai garaji a kasuwar Katako, wanda injuna suka ci masa rabin ɗan yatsa. Shi ke yi wa motar komai, amma ba a taɓa barinsa ya kusanci ƙusoshi biyun da ke riƙe da gidan termosta ba.

"Mushe, wanda ya rubuta littafin naka ya taɓa yin watan Afrilu a Yamai?"

"Kai da ka yi Afrilu hamsin, layi nawa ka rubuta?"

Haka suke, shekara da shekaru, ba wanda ya gaji.

Yanzu ga laifina. Wata bazara, shekara ashirin da uku da suka wuce, na ari motar zan kai kayan bikin ƙanena Doso. Yohanna ya miƙo mini makulli da sharaɗi ɗaya tak: ko me ya faru, kada in bar kowa ya taɓa ƙusoshin nan biyu. Na ce haba. Kaya suka cika baya, suka cika kujeru, tabarmi biyu suka rasa wuri. Sai na naɗe su, na ɗaure su a gaban motar, daidai hancinta, na ma yaba wa kaina dabara. Dab da Birnin Gaure allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe. Wani makanike na bakin hanya ya zo, ya kwance tabarmin ya ɗora su a kan rufi don ya samu buɗe gaban, ya jira ta huce, ya leƙa, ya kama baki.

"Ashe ma ba a cire mata ba! Malam, ai Allah ne ya rufa maka asiri."

Na buɗe baki zan yi magana, na tuna rana tana tsakiyar kai, ana jirana da goron ɗaurin aure. Na ƙyale shi. Ina kallo ya kwance ƙusoshin, ya zaro abin, ya wurga shi cikin wata gona. Motar ta kai ni Doso ta dawo da ni, allura ko motsi. Har na fara cewa a raina, wataƙila dai su Hama ke da gaskiya. Sai da na shekara sannan na gane cewa ba cire termosta ya warkar da ita ba, cire tabarmin da suka toshe mata iska ne. Ni da nake koya wa yara cewa ba duk abin da ya biyo bayan abu ne ɗansa ba.

Na mayar da makulli. Ya tambaye ni ya hanya, na ce lafiya lau. Na yi niyyar faɗa masa washegari. Washegari ta zama mako, mako ya zama shekara.

Abin da ya biyo baya shi ne azabar. Daga wannan bazarar Yohanna ya ƙara wa alfaharinsa gishiri. Duk baƙon da ya zauna a fada sai ya ji cewa a duk faɗin Yamai, daga Kalley har ƙetaren kogi, mota ɗaya ce tak ke yawo da termostanta, kuma ba ta taɓa tafasa ba. Sai ya juyo gare ni: "Ga shaida nan, masanin tarihi. Sani, har Doso ka kai ta cikin Afrilu, ko ba haka ba?" Ni kuma in sunkuyar da kai cikin kofin shayi in ce haka ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shekara goma sha ɗaya ina wannan shaidar zur, ina tausayinsa, ina cewa bawan Allah yana tutiya da ramin da babu kowa a ciki. Na ƙudura ba zan kunyata shi gaban Hama ba. Haka na kira abin a lokacin. Sunansa na gaskiya tsoro.

Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, Saratu ta koma gidan da suka gina a Tondibiya, aka ja motar aka ajiye a tsakar fili. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta sallama, tana ba su ruwa su sha, tana raka su ƙofa.

Sau da yawa a shekarun nan nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Yamai ta yau. Hanyoyi sun hau kan hanyoyi, gadoji sun ƙaru, babura sun fi ƙudaje. Jikokin motarsa sun iso, kuma ba su da sallama: rabin inji rabin lantarki, sai ka ji abu a bayanka ba ka ji zuwansa ba. Na tabbata da zai tsayar da mai irinta a tsakiyar titi ya roƙi aron littafi. Da zai yi murna da cewa birki yanzu yana mayar da wuta cikin batir, domin darasin da ya yi ta zanawa a allo ke nan yara suna hamma. Da zai yi tsaki da ya ga an daina giyar hannu. Amma abin da zai fi faranta masa rai ba mota ba ne. Ƴarsa ce, Rahila, wadda tana ƴar firamare take riƙe masa fitila a ƙarƙashin inji, yau ga ta da garajinta, da wata na'ura da suke kira balis, tana jona ta a mota, motar ta faɗi ciwonta da bakinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Rahilar ce ta zo gidana wata uku da suka wuce, ta ce ta yanke shawarar tayar da motar Baba kafin ranar tunawa da shi. Na yi tsalle, a iya tsallen mai shekara saba'in. Duk ƙarshen mako tana Tondibiya: ta sauke tanki ta wanke, ta canza famfon mai, da bel, da tayoyi, da wayoyin da ɓeraye suka yi walima da su. Sannan ta kira ni Tonton, wato kawu, ta faɗi maganar da nake tsoro.

"Tonton, wuri ɗaya na bari ban taɓa ba. Ranar Asabar zan buɗe gidan termosta a gaban duk ƴan fada. Na gayyato Baba Hama. Ina so ya gani da idonsa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mako guda na yi ina tsara jawabi ina rushewa. Ba kunyata kaɗai nake ji ba. Yarinyar nan ta gina sana'arta a kan cewa ubanta ya yi gaskiya shi kaɗai a gari guda, kuma motar ce hujja. Za ta buɗe ta tarar da wayam, a gaban mutumin da ya yi shekara ashirin yana yi wa uban dariya. Sau biyu na ɗauki waya, sau biyu na ajiye. Tsoho bai canza hali ba.

Asabar da hantsi muka hallara, mu bakwai da muka rage daga fadar Kalley, kowa da sandarsa da ciwon gwiwarsa. Hama ya zo cikin babbar riga, ya zauna a gaba kamar alƙali. Saratu tana gefe tana tsince zogale. Rahila ta ɗauki sifana. Ƙusa ta farko ta fito. Na tashi tsaye, na ce, "Rahila, dakata," amma ba wanda ya ji ni. Ƙusa ta biyu ta fito. Ta ɗaga murfin, ta sa yatsu biyu, ta zaro.

Termosta. Ga shi nan, da tsatsarsa, da ƴar wayarsa mai lanƙwasa, yana ɗigar ruwa.

Na koma na zauna. Da idona na ga an wurga shi a gonar Birnin Gaure. Ban san termosta yana bin sawun mota ya dawo gida ba.

Rahila ba ta tsaya nan ba, ƴar malamin kimiyya ce. Ta ɗora tukunya a kan murhun gawayi, ta rataya abin da zare a cikin ruwa, ta tsoma ma'aunin zafi, tana karantawa da ƙarfi. Sittin. Saba'in. Tsofaffi bakwai suka kewaye tukunya kamar za a raba nama. Saba'in da takwas. Tamanin. A tamanin da biyu, sannu a hankali, kamar jariri yana hamma, ɗan ƙarfen ya buɗe baki. Wallahi sai da muka yi ihu. Wani tsohon sufeton makarantu ya jefa hularsa sama, ta maƙale a reshe. Ta mayar da shi mazauninsa, ta ɗaure, ta cika ruwa, ta shiga ta murɗa makulli. Injin ya yi tari sau uku, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama wannan gurnanin nasa mai laushi da duk Kalley ta sani. Allura ta tashi a hankali, ta kai tsakiya, ta tsaya cak.

Hama ya miƙe, ya cire hula. Ya ce shekara arba'in da biyar yana cire abin nan, wanda ya cire zai cika buhu. Ya ce, "Ƴata, ubanki ya kayar da ni. Ƙarfen da aka ɗaura tun Japan, ba a taɓa taɓa shi ba, ga shi yana aiki. Na sallama."

A nan ne abin ya gagare ni. An ba ni hanyar tsira a buɗe, ba wanda zai taɓa sani. Amma malamin tarihi yana iya haɗiye laifi, ba ya iya haɗiye kwanan wata na ƙarya. Na ce, "Hama, ba na Japan ba ne." Na kwashe labari duka na faɗa, da tabarmi, da gona, da shaidar zur. Ban iya kallon Rahila ba.

Sai na ji dariya daga wajen zogale. Saratu ce, har tana riƙe ciki.

"Mushe Sani, sai yau? Ai washegarin dawowarka ya gane. Ya tayar da ita zai tafi lise, ya kai har ƙofar makaranta allura ba ta bar ƙasa ba. Ya dawo ya buɗe, ya ga wayam. Kwana huɗu yana yawo a Katako yana neman wani, yana zagaye garajin Hama ta baya kamar ɓarawo."

Na ce, to me ya hana shi tambayata?

"Ya ce zai jira ka faɗa da bakinka, bai wuce mako ba. Da mako ya wuce, sai ya ga abin ya fi haka daɗi. Ba ka lura duk ranar da zai yi alfaharin nan sai ya tabbata kana wurin ba? In ya shigo gida sai ya kwanta a kan tabarma yana kwaikwayon yadda kake cusa hanci cikin kofi."

Makaho bai san ana kallonsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina tausayin mutum, ashe ni ne wasan kwaikwayon da yake kallo kyauta bayan la'asar. Na kuma tuna kalmominsa da kyau, irin na mai gyaran jarrabawa: bai taɓa cewa termostan na asali ne ba. Cewa yake tana yawo da termostanta. Ni kaɗai ne na yi ƙarya a fadar nan. Hama ya nemi a mayar masa da sallamarsa, Rahila ta ce an riga an rubuta, ba a gogewa, ai tukunya ba ta san Japan ba.

Muka shiga mu biyar, ta tuƙa mu bakin kogi muka dawo, gilasai a sauke, mutanen Tondibiya suna ɗaga mana hannu kamar ƴan kai amarya. A hanya na roƙi Saratu gafara, tunda mai haƙƙin ba ya nan. Ta ce, "Gafarar me? Kai ka ba shi abin dariya na shekara goma sha ɗaya. Ni da na aure shi ban ba shi haka ba."

Tun ranar nake auna abin da ya rage na Yohanna. Ɗalibansa sun bazu, wasu likitoci, wasu injiniyoyi, da yawa sun manta dokokin da ya haddace musu. Gardamarsa ba ta ci gari ba, ko yau da safe na tabbata an cire wa wata mota termosta a Katako. Abin da ya rage, ina ji, shi ne irin yadda yake riƙe gaskiya. A kan ƙarfe ba ya ragawa kowa ko maki ɗaya. A kan mutum kuwa, yana iya sanin laifinka sarai, ya gyara ɓarnar da hannunsa, ya ci gaba da ba ka aron makulli. Domin ya ci gaba da ba ni. Sau nawa na sake aron motar nan bayan Doso, bai taɓa ko jinkirin miƙo hannu ba.

Yohanna, ka ce mako ɗaya. Na makara da shekara ashirin da uku, kuma na san ba ka karɓar aikin gida a makare. Amma ga shi na kawo, da bakina, a gaban duk wanda ya iya karatu: ni ne. Allah ya sa kana hutawa, abokina, in dai dariya ta bar ka.